Mun Yarda An Yi Wa Shanu, Me Ya Hana A Yi Wa 'Ya'yanmu?

(Jawabin da wani dattijo daga cikin fataken shanu ya gabatar a taron makiyaya da 'yan kasuwar dabbobi a unguwar Kanda, Ankara, babban birnin Gana)

Sarakunan zango da sarakunan Fulani, ranku ya daɗe. Malamai, Allah ya gafarta muku. Ardo-ardo da kuka taso daga rugage masu nisa, iyayenmu mata, dillalai da mahauta na Tulaku, da samarin Nima da Maamobi, ina yi muku barka da zuwa, sannunku da hanya.

An ce in yi magana a kan allurar riga-kafi, da dalilin da ya sa mutanenmu da yawa suka noƙe mata a lokacin annobar korona. Ni ba likita ba ne, sana'ata shanu, don haka ta wajen shanu zan ɓullo wa zancen.

Jama'a, a duk faɗin ƙasar nan babu wanda ya kamata a tsaya ana koya masa amfanin riga-kafi kamar makiyayi. Tun kafin likitan dabbobi ya zo da akwatin ƙanƙararsa, kakanninmu suna da dabarar kare garke daga ciwon huhu. In saniya ta mutu da shi, sai a yanki ɗan huhunta, a tsaga fatar karan hancin masu lafiya, a cusa. Wurin ya kumbura, ya warke, ya bar tabo mai tauri. Wasu shanun sukan sha wuya, ɗaya ko biyu ma su faɗi, amma sauran garken ya tsira. Watau dai a ba jiki kaɗan daga cikin cuta domin ya san ta kafin ta zo da ƙarfinta. Abin da allurar asibiti take yi ke nan, sai dai ita an tace ta, an raunana ƙwayar cutar ko an kashe ta, an kuma auna abin da jiki zai iya ɗauka.

Sa'an nan ku tuna da bushiya. Yaran da ke zaune a baya ba su san ta ba, Allah kuma kada ya nuna musu. A wajajen 1890 ta ratso Afirka daga gabas har ta iso ƙasar Hausa da Barno, a wasu wurare ta kashe shanu tara daga cikin goma. Mutumin da ya kwana da garke sai ya wayi gari da sanda kaɗai. A 1962 aka soma wani babban aikin allurar bushiya na haɗin gwiwar ƙasashe, daga yankin Tafkin Cadi, ya bazu zuwa yamma. Duk saniyar da aka yi wa sai a huda mata kunne, dattawan da ke nan sun ga wannan hudar da idonsu. Cutar ta lafa. Da ta lafa sai gwamnatoci suka saki jiki, aka daina bin maruƙan da aka haifa daga baya, sai ga ta ta dawo a farkon shekarun 1980, ta yi mummunar ɓarna a Nijeriya a 1983. A wannan karon makiyaya ne da kansu suke bin malaman dabbobi suna roƙo, har da masu biyan kuɗi a yi musu. Aka sake ɗaura ɗamara a 1986. Kuma abin da ya ƙarasa ta a lunguna masu wuyar shiga, irin su kudancin Sudan da ƙasar Afar ta Habasha, shi ne da aka samu allurar da ke jure zafi, aka koya wa 'ya'yan makiyaya su yi wa shanun danginsu da hannunsu. A 2011 aka yi shelar cewa babu sauran bushiya a duniya. Cuta biyu kacal ɗan Adam ya taɓa kawarwa ƙaf daga doron ƙasa: agana a mutane, bushiya a shanu. Ɗaya daga cikin biyun a garkenmu aka yi yaƙinta.

To, mutanen da suka ga wannan, me ya sa da aka zo da allurar korona suka shige ɗaki?

Bari mu tuna yadda abin ya zo. Ranar 12 ga Maris 2020 aka sami masu cutar na farko a Gana. Kafin ƙarshen watan an rufe masallatai, an rufe iyakoki, an kulle Ankara da Kumasi har mako uku. Mu da abincinmu yake biyo hanyar Paga da Bawku daga Burkina da Nijar da Mali mun san abin da rufe iyakar ƙasa ya yi mana, don sai a Maris 2022 aka buɗe ta. Ranar 24 ga Fabrairu 2021 jirgi ya sauka a nan Ankara da allura 600,000 ta AstraZeneca, wadda aka sarrafa a Indiya, Gana ce kuma ƙasa ta farko a duniya da ta karɓi rabon shirin COVAX. Ranar 1 ga Maris aka yi wa shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, da mataimakinsa Mahamudu Bawumia, a gaban kyamara. A cikin watan kuma Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, mai shekara sama da ɗari, ya miƙa nasa damtsen. Wannan ya kwantar da hankalin mutane da yawa a zango, ban da shakka. Amma a wayoyinmu wani wa'azin ake yi daban: wai tana hana haihuwa, wai duk wanda aka yi wa ba zai shekara biyu ba, wai an kawo ta ne don a rage baƙar fata. Shekara biyun ta wuce da daɗewa. Waɗanda aka yi wa ga su nan cikinmu, wasunsu mun ci naman sunan 'ya'yansu.

Duk da haka ba zan tsaya a nan in ce wanda ya ji tsoro jahili ne ba. Ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji da aka sa yara 200. Goma sha ɗaya suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har 2009, sannan aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Maganin sha ne, ba allurar riga-kafi ba, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi. Labarin kuwa ya iso Nima tun kafin a san wayar hannu, domin babu gidan da ba shi da ɗan'uwa a Kano ko Sakkwato.

Sai dai ku ji abin da tsoron ya haifa. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano bisa zargin yana hana haihuwa, aka yi kusan shekara ba a yi ba, sai a Yuli 2004 aka koma, bayan an sayo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. A tsakanin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, daga baya ta kai har Yaman da ita Indunusiyar kanta. Yaran da suka shanye a wannan tsakanin yanzu magidanta ne, suna jan jiki. Sai a Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

Mu kuma makiyaya muna da namu miki daban. Tun zamanin jangali muka koyi cewa in ma'aikaci ya zo da littafi yana ƙirga shanu, ƙirgar ba ta tsayawa a littafinsa. Shi ya sa kakanninmu sukan kawo rabin garke wurin allura, rabi a ɓoye a daji. A nan Gana kuma akwai dokar korar baƙi ta Nuwamba 1969, wadda ta ba mutane mako biyu su tattara. Akwai korar da sojoji da 'yan sanda suka sha yi wa makiyaya a Agogo da filayen Afram, ana harbe shanu. Akwai Bafulatanin da aka haifi kakansa a ƙasar nan amma ya je neman katin ɗan ƙasa a ce masa baƙo ne. Mutumin da motar gwamnati ba ta taɓa zuwa rugarsa da alheri ba, ran da ta zo da allura kyauta, ana tambayar sunansa da katinsa, kuna tsammani zai fito da gudu? Ƙari a kan haka, manyan ƙasashe sun saye allurar sun tara, Indiya kuma ta tsayar da fitar da tata a 2021 saboda cutar ta ci ƙarfinta a gida, waɗanda aka yi wa ta farko a nan suka yi ta jiran ta biyu. Ga kuma labarin daskarewar jini da aka samu a mutane ƙalilan a Turai, wanda gaskiya ne, amma ba a zauna an yi mana bayaninsa da harshenmu ba, sai muka ji shi a bakin masu ƙarin gishiri.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na karɓi wannan gayyata. A daidai lokacin da muke ta musu a kan korona a majalisun Nima, wata annoba ta shiga Jihar Savannah, a gundumomin Gonja ta Yamma da Gonja ta Arewa. Zazzaɓin shawara ne, wanda sauro ke ɗaukowa daga birai a daji ya sa wa mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 15 ga Oktoba zuwa 27 ga Nuwamba 2021 an sami mutum 202 da ake zaton sun kamu, 35 suka rasu, a jihohi huɗu. Ta kuma ce akasarinsu makiyaya ne masu ƙaura waɗanda ba a taɓa yi wa allurar ba. Jama'a, wannan allura ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1930 ake da ita. Sau ɗaya ake yin ta, ta isa har ƙarshen rai. A kowane asibitin awon yara a Gana ana yi wa jariri ita yana wata tara, tare da ta ƙyanda, ba a biyan ko sisi. Ita ce ta katin rawaya da kowane falke a cikinku yake nunawa a bakin iyaka. Mu a birni muna da katin a aljihu, masu yi mana kiwo a daji suna binne 'ya'yansu. Na tabbata da yawa daga cikin waɗannan iyaye ba ƙi suka yi ba, ba a je ba ne, su ma ba su ga fuskar da za su zo ba.

In kuma wani yana ganin wannan lamarin mutanen daji ne kawai, ya tuna Yunin 2023, da ciwon saifa ya ɓulla a Binduri da Bawku ta Yamma da Talensi, aka hana safara da yankan dabbobi a duk jihar ana saura 'yan makonni Babbar Sallah. Wa ya yi asara? Mu. Ita ma saifa tana da allura, shekara-shekara ake yi.

Ga hukuma, ina da roƙo, kuma ina so shugabannin ƙungiya su rubuta su kai. A ƙasar Cadi, a farkon shekarun 2000, an gwada haɗa ma'aikatan lafiyar mutane da na dabbobi a mota ɗaya zuwa mashekarin makiyaya: ana yi wa shanu a can gefe, mata suna kawo yara a nan gefe. Iyaye suka fito, domin sun riga sun san malamin dabbobi, sun yarda da shi. Babu abin da zai hana a yi haka a Gonja da Afram da Gushegu. A zo da mai jin Fulatanci da Hausa, a sanar da arɗo kwanaki kafin a zo, a zo da sassafe ko da yamma lokacin da mutane ke gida. Mace ta yi wa mace. Kada a haɗa tafiyar da ɗan sanda ko mai karɓar haraji, kada kuma a tambayi uwa katin ɗan ƙasa kafin a taɓa ɗanta. In allura tana sa zazzaɓi ko kumburin hannu na kwana biyu, a faɗa tun kafin a yi. Makiyayi ya saba ganin saniya ta kumbura bayan allurar huhu, wani lokaci har jela ta lalace, bai kuwa hana shi kawo garke baɗi ba, muddin an gaya masa gaskiya.

Mu kuma fatake da dillalai, namu aikin ya fi sauƙi. Babu wanda makiyayi ya yarda da shi kamar maigidansa na kasuwa. Yakan ba mu shanun miliyoyin sidi ba takarda ba shaida, mu sayar mu aika masa. In mun kira shi muna tambayar farashi da lafiyar garke, mu ƙara da tambayar ko an yi wa yara allura. In matarsa ta zo Ankara biki ko jinya ta sauka a gidajenmu, iyayenmu mata ku raka ta asibitin Maamobi da goyonta, ku tsaya mata a yi magana, a ba ta katin awo ta tafi da shi. Kuma duk saƙon da ya shigo wayarka, wanda ba ka san wanda ya yi shi ba, ba ka san garinsu ba, kada ka tura wa mutumin da ke daji wanda ba shi da wanda zai tambaya. Ko sa ba ma saye sai mun san mai shi.

Kafin a tashi, ina roƙon kowane arɗo da ke nan ya tsaya wurin magatakarda ya faɗi inda mutanensa suke zaune a wannan kaka, da inda za su nufa in rani ya yi, da watan da ya fi sauƙi a same su. Ba a son adadin shanu, ba a son sunan kowa. Da wannan takarda za mu je ofishin lafiya na kowace gunduma mu nemi a sa rana.