AMSOSHIN TAKARDUNKU: Ina Ɗalibi Zai Koyi Aikin Labaran Ƙasashen Waje?

 Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani ɗalibin aikin jarida, mutumin Shanono a Jihar Kano. Ya ce burinsa ya zama mai ɗauko labaran ƙasashen waje, kuma wani mutum ya yi masa alkawarin gurbin sanin makamar aiki a wani gidan rediyo a Turai in ya kawo kuɗi, har mahaifinsa yana shirin sayar da shanun noma. Yana tambaya, ya biya ko kuwa?

To malam, mun gode da wannan takarda. Amsa a taƙaice ita ce kada ka biya ko kwabo, kuma ka roƙi Baba ya bar shanunsa. Gidajen watsa labarai na ƙwarai ba sa sayar da gurbin koyon aiki. In suna neman ɗalibai, sanarwa suke yi da kansu a shafinsu na intanet, a cike takarda, a yi jarrabawa. Duk wanda ya ce sai ta hannunsa, ɗan damfara ne.

Hanya ta gaskiya tana nan cikin makarantarku. Tun 1973 hukumar ITF ta kafa shirin SIWES, wanda ke tura ɗalibai wuraren aiki kafin su gama karatu. A kwalejin fasaha wata 4 ake yi bayan shekarar farko, sannan akwai shekara guda ta aiki tsakanin ƙaramar difloma da babba. Ka karɓi takarda daga ofishin SIWES, ka kai Rediyon Kano, ko Freedom Radio, ko Rediyon Tarayya Kaduna, ko kamfanin dillancin labarai na NAN, ko Muryar Nijeriya wadda dama don ƙasashen waje aka kafa ta a 1961. In an karɓe ka, ka roƙi edita ya zaunar da kai a teburin fassara. Nan ne labaran duniya ke shigowa da Turanci, a mayar da su Hausa cikin minti kaɗan, kuma nan akasarin muryoyin da kake ji suka goge.

Gidajen waje kuwa, mu Hausawa Allah Ya yi mana gata. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, kuma tana da ofis a Abuja. Muryar Jamus tana birnin Bon. Rediyon Faransa ya fara Hausa a 2007 daga Legas, TRT ta Turkiyya ta fito da TRT Afrika a 2023. Sai dai kada ka ɗora ranka a kan gida ɗaya. Muryar Amurka ta fara Hausa a 1979, amma a watan Maris na 2025 gwamnatin ƙasar ta dakatar da yawancin aikin gidan, ma'aikata da dama suka koma gida.

To, me za ka nuna musu in ka je? Ka saurara da kyau, don nan maganar take. Labarin duniya yana iske ka har Shanono. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, takin zamani da alkama sun yi tsada, manomin gero da dawa ya ji a jikinsa. Da sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, kasuwancin Jibiya da Maigatari ya tsaya cik, sai a 2024 aka buɗe. Ka ɗauki wayarka ran kasuwa, ka tambayi dillalin dabbobi da mai sayar da taki, ka rubuta farashi, ka haɗa rahoton minti biyu wanda zai bayyana wa tsohuwa a ƙauye dalilin tsadar. Rahoto biyar irin wannan sun fi takardar wani babba nauyi a wurin edita.

Sannan ka gyara Hausarka da Turancinka, ka ƙara da Faransanci, tunda Nijar da Cadi da Kamaru maƙwabta ne. Ka tuna Alhaji Abubakar Imam: a Zariya ya zauna yana bai wa masu karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo labarin yaƙin Hitila tun 1939, sai a 1943 aka gayyace shi Ingila tare da editocin Afirka ta Yamma. Aikin da ya yi a gida ne ya kai shi.

Da fatan ka gamsu, a gaida Baba. Sauran masu saurare, a ci gaba da aiko da takardu. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa.