Linzamin Na'ura: Jawabi ga Ɗaliban Injiniyan Lantarki



Mun taru yau a kan darasin sarrafa na'urori, wanda da yawa daga cikinmu suke yi wa kallon dodo saboda tarin lissafinsa. To, kafin mu guje shi, ya kyautu mu san abin da ya ƙunsa.

Asalin maganar bai wuce na mahayi da dokinsa ba. Mahayi yakan dubi inda doki ya nufa, ya gwada da inda yake son zuwa, sa'an nan ya ja linzami gwargwadon kaucewar. Haka na'ura take yi: ta auna abin da ya fito, ta kwatanta da abin da ake bukata, ta gyara kanta. Amma in mahayi ya makara wajen ja, ko ya ja fiye da kima, sai doki ya yi ta karkata dama da hagu har ya kayar da shi. Wannan rawar ce lissafinmu yake magancewa.

A 1788 James Watt ya sa wa injin tururi ƙwallaye masu juyawa, waɗanda ke rage tururi in gudu ya yi yawa. Duk da haka wasu injuna suka riƙa rawa, sai a 1868 James Clerk Maxwell ya bayyana dalilin ta hanyar lissafi. A 1927 Harold Black, a Amurka, ya gano cewa mayar da wani kashi na siginar da ta fito zuwa mashigarta, a juye, yana rage gurɓacewar murya a wayar tarho mai nisa. A 1932 kuwa Harry Nyquist ya ba mu ma'aunin gane ko irin wannan tsari zai natsu.

Kada mu ɗauka labarin Turai ne kawai. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana ba da wuta mai juyi 50 a daƙiƙa. Idan bukata ta ƙaru, janareta ya fara sassautawa, na'urar daidaitawa ce ke ƙara buɗe wa ruwa hanya. In gyaran ya gaza, janaretoci kan fice ɗaya bayan ɗaya, garuruwa su faɗa cikin duhu, har da ɗakunan tiyata.

Saboda haka, 'yan'uwa, haddace lissafin Laplace domin cin jarrabawa ba zai wadace mu ba. Mu shiga ɗakin gwaji, mu ga rawar da idonmu, mu koyi kwantar da ita, gama gobe linzamin a hannunmu zai kasance.

Allah ya yi mana jagora. Wassalam.