Tantanin Roba da Aikin Tace Iska

Duk wanda ya ga ana tankaɗe ya san aikin rariya: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. To, masana kimiyya sun daɗe suna neman abin da zai yi wa iska irin wannan aiki, watau ya raba iri-irinta da ke gauraye. Abin da suka samu shi ne tantani na polima, dangin roba, wanda bai kai fatar albasa kauri ba.

Amma fa wannan tantani ba shi da huda ko ɗaya. Iska takan narke a jikinsa, ta ratsa a hankali, sa'an nan ta fita ta ɗaya gefen, kuma kowace iri da saurinta. Thomas Graham, mutumin Sikotilan, shi ya nuna haka a 1866. Ya tura iskar da ake shaƙa ta cikin roba, sai oksijin ɗinta ya tashi daga kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen 41.

An yi kusan shekara ɗari abin bai shiga masana'antu ba, saboda kaurin tantani yana hana iska wucewa da yawa. A farkon shekarun 1960 Loeb da Sourirajan, a Jami'ar Kalifoniya, suka gano dabarar ɗora fata siririya bisa gindi mai kama da soso. Ruwan gishiri suka nufa tacewa, amma masu aikin iska suka ci moriyar dabarar. A 1980 kamfanin Monsanto na Amurka ya fito da tantanin Prism, don ceto haidirojin da ke salwanta a masana'antun takin zamani. Daga baya aka shiga cire kabon dayoksaid daga iskar gas, da ware naitirojin daga iska, ba tare da an sanyaya ta har ta zama ruwa ba, aikin da ke cin wuta ƙwarai.

Sai dai taura biyu ba ta taunuwa. A 1991 Lloyd Robeson ya tattara sakamakon gwaje-gwaje, ya nuna cewa tantanin da ke sakin iska da sauri ba ya tacewa sosai, mai tacewa sosai kuwa nawa gare shi. Mai masana'anta lalle ne ya zaɓa: ko ya sayi tantani mai yawa ya kashe kuɗi, ko ya haƙura da iska marar tsabta. Neman polimar da za ta haɗa sauri da tacewa shi ne babban aikin da ke gaban masana wannan fanni.