Me ya sa Birtaniya ta juya wa Huawei baya?

 Yau maganar eriya za mu yi. Wato waɗannan dogayen ƙarafan sabis da wayarku ke magana da su dare da rana. Wa ya ƙera kayan da ke cikinsu? Tambayar nan ta haɗa manyan ƙasashe faɗa.

Mu ɗauki Birtaniya. A watan Janairun 2020 gwamnatin Boris Johnson ta ce Huawei na ƙasar Sin zai iya shiga aikin 5G, amma kada kasonsa ya wuce kashi 35 cikin ɗari, kuma ban da ƙwaƙwalwar tsarin, inda ake sarrafa bayanan mutane. Wata shida kacal, a Yuli, sai aka sauya magana: a cire kayansa gaba ɗaya daga 5G kafin ƙarshen 2027. Gwamnatin da kanta ta ce hakan zai jinkirta aikin da shekara biyu zuwa uku, ya kuma ci har fam biliyan biyu.

To me ya faru a tsakani? Ba wai an kama wata na'urar leƙen asiri ba ce. A watan Mayu Amurka ta ƙara takunkumi, ta toshe wa Huawei hanyar samun ƙananan sassan lantarki da aka yi da fasaharta. Sai masana tsaron intanet na Birtaniya suka ce, idan kamfanin ya koma amfani da wasu sassan da ba su sani ba, ba za su iya ba da tabbacin lafiyarsu ba. Kun ga, dalilin tsaro ne, amma siyasa ce ta haife shi.

Kada dai ku ɗauka tsoron na banza ne. Dokar leƙen asiri ta Sin ta 2017 ta wajabta wa kamfanoni da 'yan ƙasa su ba hukumomin asiri haɗin kai. Kuma wanda ya ƙera maka na'ura shi ke turo mata sabuntawa. Ko bai saurari kiranka ba, ranar da rigima ta ɓarke zai iya rage maka sabis ko ya daina gyara. Huawei dai ya sha musantawa.

Amma fa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A 2020 aka fallasa cewa Crypto AG, kamfanin Suwizalan da ya sayar wa ƙasashe da dama na'urorin ɓoye saƙo, ashe CIA da hukumar asirin Jamus ta Yamma ne suka mallake shi a ɓoye. Amurka ta san abin da za a iya yi ne don ta taɓa yi.

Mu kuma fa? Kayan Huawei sun cika layukan waya a Najeriya da sauran Afirka, saboda araha da bashin bankunan Sin. Cire su ba ƙaramin kuɗi ba ne. Abin da ya kamata mu tambayi hukumominmu shi ne: muna da injiniyoyin da ke bincika kayan nan, ko na waye? Kuma mun raba ƙafa, ko kamfani ɗaya ke riƙe da mu?

Ku faɗa mana ra'ayinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.