Zaɓen Bututun Hayaƙi ga Motar da Aka Ɗaura wa Turbo a Baya

Turbo na'ura ce mai cin gajiyar hayaƙin da inji ke fitarwa. Hayaƙin yana juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke kan sanda ɗaya, wadda ke cusa iska cikin silinda. Injiniya Alfred Büchi, ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1905. Bisa al'ada dab da inji ake ɗaura turbo, amma a shekarun 2000 kamfanin STS na jihar Utah a Amurka ya yaɗa tsarin ɗaura shi a bayan mota, a gurbin salansa, musamman ga motoci masu injin V8 irin su Camaro da Corvette, waɗanda sarari ya yi wa kaɗan a ƙarƙashin bonet.

Wannan tsari yana da matsala guda babba, wato nisa. A injin fetur, zafin hayaƙi a bakin silinda kan haura digiri 800 a ma'aunin Salshiyos. Kafin hayaƙin ya ratsa mita biyu ko uku na bututu ya huce, ya tsuke, ƙarfinsa ya ragu, sai turbo ya yi nawar tashi. Don haka aikin farko na bututun da ke bakin inji, wanda makanikai ke kira heda, shi ne ya tsare zafi da matsin hayaƙi har su isa baya.

Iri uku na wannan bututu ake zaɓa daga cikinsu. Na farko dogon heda, wanda aka ƙera domin injin da ba shi da turbo. Tsawonsa yana sa hayaƙin wata silinda ya janyo na wata. Amma da zarar an sa turbo, matsin da ke taruwa kafin farfela yakan kai ko ya wuce na iskar da ake turawa, sai yawancin wannan amfani ya gushe. Abin da ya rage shi ne bututu mai siririn jiki da yalwar fuska, mai zubar da zafi. Na biyu manifol na asali, na ƙarfen zubi. Kaurinsa yana riƙe zafi, yana jure matsi, ga araha. Aibinsa ƙuncin hanya idan ana neman ƙarfi mai yawa ƙwarai. Na uku gajeren heda, wanda ke tsakanin biyun, kuma shi ya dace idan manifol ya soma shaƙe inji.

Faɗin bututu ma abin lura ne. Bututu mai faɗi da yawa yana rage gudun hayaƙi. Ga inji mai lita 5.7, inci 1⅝ zuwa 1¾ ga kowace silinda ya wadatar a mota ta kan titi. Wajen ƙarfe kuwa, marar tsatsa mai lamba 304 yana yi, amma mai lamba 321, wanda aka gauraya da taitaniyom, ya fi jure zafi mai tsanani. Naɗe bututu da ƙyallen tare zafi ko shafa masa siramik yana taimakawa, sai dai naɗi yana tara danshi, ya cinye ƙarfe na gama-gari da tsatsa.

Abu na ƙarshe shi ne yoyo. Duk mahaɗar da ke tsakanin inji da turbo tana ƙarƙashin matsi, kuma ƙaramar kafa tana sace ƙarfi, tana iya rikita karatun sansa ta iskar oksijin. Saboda haka ana guje wa mahaɗar da ake zura bututu cikin bututu kawai. Ana zaɓen mahaɗa mai kauri kusan milimita 10, da gasket na ƙarfe, da walda mai kyau, tare da sashe mai lanƙwasuwa domin motsin inji kada ya tsaga bututu.