Mai naɗar zaman kotu da na'ura



A Amurka, wanda ke son ya zama mai rubuta zaman kotu da na'urar gajeren rubutu sai ya iya kama kalmomi 225 a minti ɗaya kafin ya sami babbar shaidar ƙwarewa. Horon wannan aiki yakan ci shekara biyu ko fiye, kuma da yawa sukan gaji su bari. Ƙarancin irin waɗannan ma'aikata ne ya buɗe wa masu naɗa da na'urar zamani ƙofa, su da horonsu ba ya wuce 'yan watanni, kuma ƙungiyar AAERT ke yi musu jarrabawa.

Kada mai sauraro ya ɗauka aikin naɗa danna maɓalli ne kawai. Ana koya wa ɗalibi ya ba alƙali, lauyoyi da mai shaida kowa makirufo nasa, ya sa abin ji a kunne yana bin sautin, yana rubuta wanda ya yi magana da lokacin da ya yi ta. Idan lauyoyi biyu suka kaure da musu, ko mai shaida ya yi ƙasa da murya, dole mai naɗa ya sanar da kotu nan take, domin kalmar da ta ɓace tana iya rusa ɗaukaka ƙara. Ga kalmomin shari'a, ga riƙon sirri.

A Najeriya kuwa, alƙalai da yawa har yau da hannu suke rubuta bayanan shari'a, abin da ke ƙara jan ƙafar ƙararraki. Muna kira ga hukumomin shari'a na jihohi su horar da matasa kan aikin naɗar zaman kotu, musamman masu jin Hausa da Turanci sosai.