Mace a Harkar Lamunin Gidaje: Daga Ina Kwarjini Yake Zuwa?



An nemi in yi magana a kan yadda mace za ta tsaya da ƙafarta a aikin lamunin gidaje. Masu ba da irin wannan shawara sukan fara da sutura da murya da yadda ake shiga ɗakin taro. Ban raina waɗannan ba, amma a ganina kwarjinin ma'aikaciyar banki daga fayil yake fitowa. Wadda ta san abin da ke cikin fayil ɗinta, ba a katse mata magana sau biyu.

Mu ɗauka wata malamar makaranta ce ta zauna a gabanki, tana neman bashi daga Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da doka a 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, yake kula da shi. Shekara da shekaru ana yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashinta, ba ta taɓa sanin inda kuɗin yake zuwa ba. Ke za ki gaya mata cewa wanda ya yi wata 6 yana zubi ya isa ya nema, cewa ruwan kashi 6 cikin 100 ne a shekara, kuma biyan yana iya kaiwa shekara 30. Sannan ki ɗauki biro ki lissafa mata abin da zai rage a albashi bayan biyan kowane wata, ko da lissafin ba zai yi mata daɗi ba.

Daga nan sai maganar fili, inda fayiloli da yawa suke kwana. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma ba a jinginar da fili mai takardar shaidar mallaka sai da amincewarsa. Malamarmu tana da fili, na gado ne. Ta kwance jakar leda ta fito da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, da sunan marigayi mahaifinta a kai, gefen har gara ta taɓa. Banki ba zai karɓa ba. Wani ma'aikacin zai ce mata ta je ta dawo, shi ke nan. Ke kuwa, idan kin san matakan rabon gado a kotu, kin san abin da hukumar filaye ta KANGIS take nema a Kano ko ta KADGIS a Kaduna, to kin zama wadda ake nema a reshenku, har manaja sai ya leƙo ofishinki da tambaya.

Akwai kuma tambayar da a Arewa take riga kowace zuwa: "Hajiya, akwai ruwa a ciki?" Kada ki yi kwana-kwana. In akwai, ki ce akwai. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 aka sami wasu hanyoyin, kamar murabaha, inda banki yake sayen gidan ya sayar miki da ribar da aka sani tun farko, da kuma tarayya mai raguwa, inda kike sayen kason banki kaɗan-kaɗan kina biyan hayar abin da ya rage. Ki iya bayyana su da Hausar da 'yar kasuwa za ta gane. Kada kuma ki manta, abokin aikinki namiji a zaure yake tsayawa, ke kina shiga har tsakar gida, wurin masu adashe da masu sana'ar da ba a taɓa yi musu wannan bayani ba.

A 2012 Babban Bankin Nijeriya da shugabannin bankuna sun amince a kai ga ba mata kashi 40 cikin 100 na manyan muƙaman gudanarwa, da kashi 30 na kujerun daraktoci. Madalla. Sai dai ba daga teburin karɓar baƙi ake ɗauko masu hawa waɗannan kujeru ba, kuma nan da sashen talla aka fi tura 'yan matanmu.

Don haka, ƙannena, ku nemi a kai ku sashen tantance bashi da sashen kula da takardun jingina, ku zauna jarrabawar Cibiyar Ma'aikatan Banki ta Nijeriya. Ku kuma yayyenmu da kuka riga kuka hau, idan za a zauna kwamitin bashi, ku tafi da ƙaramar ma'aikaciya guda, ku bar ta ta gabatar da fayil ɗin da bakinta.